Zanin gadon Baba ya bushe, hankalinsa ya tafi

Anti, don girman Allah ki taimake ni, kuma kada ki saka sunana. Yau Alhamis, ranar Litinin za a kai surukina asibitin masu taɓin hankali, ni kuwa zuciyata tana gaya mini ni ce na jefa shi cikin wannan hali. Ba wanda ya sani, har maigidana.

Baba tsohon hedimasta ne, shekararsa saba'in da takwas. Tun rasuwar Mama yake zaune wajenmu, a ɗakin da ke kusa da kicin. Mutum ne mai tsaftar tsiya, ko hankicinsa sai an goge. Farkon zuwana gidan tsoronsa nake ji, in na gaishe shi sai ya dube ni ta saman tabarau kamar na makara zuwa aji. Daga baya muka shaƙu, har ya koma kirana 'yata.

Wata huɗu da suka wuce likita ya ce cutar mantuwa ta kama shi, ya ɗora shi kan wata 'yar ƙwaya, guda ɗaya kullum. Mun ga canji kuwa. Ya daina tambayar ina Mama ta je, ya koma karanta jaridarsa yana tsaki in ya ga kuskuren rubutu.

Kamar sati uku da fara maganin, na shiga kai masa shayin safe, na tarar ya naɗe zanin gado ya cusa bayan kabad, yana zaune a kujera ya rufe cinyoyinsa da jarida. Warin ne ya gaya mini abin da ya faru. Bai ɗago ya dube ni ba. Cikin wata murya da ban taɓa jin sa da ita ba ya ce shekara arba'in ya yi yana tsayawa gaban yara ana miƙe masa, ya roƙe ni kada 'ya'yansa su ji. Na yi masa alkawari, ina fita na fashe da kuka a kicin.

Sama da wata biyu na yi ina wanki a ɓoye. Sai maigida ya fita aiki in kwaso, in wanke, in shanya a igiyar baya, in goge kafin ya dawo. Na shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanin. Ba zan yi miki ƙarya ba Anti, na gaji. Bayana ya riƙe, hannuna ya tsage da sabulu, akwai safiyar da na tsaya bakin ƙofarsa ina jin haushinsa, sannan na ji kunyar kaina.

Shi ya sa na je kemis ɗin bakin titinmu. Na ce wani dattijo ne ba ya iya riƙe fitsari. Mai kemis bai tambaye ni ko yana shan wani magani ba, ni ma ban faɗa ba. Ya ba ni ƙwayar mafitsara, safe da yamma, ya haɗa mini da maganin mura mai sa barci wai don ya daina yawan tashi. Na gaya wa Baba ko na mene ne, ya karɓa da hannu biyu yana sa mini albarka.

Satin farko gado ya bushe ƙarau. Na ce kakata ta yanke saƙa. Ashe ban sani ba. Wajen kwana goma sai bakinsa ya bushe, harshe na manne masa in zai yi magana. Ya ture jarida ya ce rubutun ya zama hazo. Yau kwana biyar bai yi bayan gida ba. Jikinsa zafi rau, amma ko ɗigon gumi babu. Daga nan ya fara tsintar wani abu a iska da yatsu, yana cewa ga 'yan makaranta sun yi layi a ƙarƙashin tebur, yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Shekaranjiya bai gane maigidana ba, ya ɗaga masa sanda.

Jiya wan mijina, Yaya Babba, ya zo ya tara mu a falo. Ya ce cutar ce ta ci ƙarfinsa, Litinin za a kai shi a kwantar. Ni kuwa ina zuba musu ruwa ina jin su. Dama can Yaya Babba bai so Baba ya zauna wajenmu ba, yanzu kuma ya tare a ɗakin Baban.

Yau da safe da nake gyara masa riga na ga mararsa ta kumbura, ta yi tauri kamar ƙwallo, in an taɓa sai ya yi nishi. Fitsarin ɗis-ɗis yake fita. Duk da haka na ba shi ƙwayar safe, don tsoron kada gado ya jiƙe a gaban Yaya Babba.

In na yi magana na ci amanar Baba, na tona asirin da ya roƙe ni a kansa, kuma za a ce na ba surukina guba. In na yi shiru za a kulle shi da sunan hauka. Ko in zubar da ƙwayoyin a ɓoye in zuba wa sarautar Allah ido? Maganin ne ma ko cutarsa ce? Kaina ya kulle.

Surukar Hedimasta

AMSA

'Yar'uwa, na riga na tura miki wannan amsa ta lambar da kika bari tun ranar da wasiƙarki ta iso, don batun ba na jira ba ne. Ina buga ta nan saboda na san ba ke kaɗai ba ce.

Abu na farko, kada ki ƙara ba shi ko ɗaya daga cikin magungunan kemis ɗin nan. Na likita kuma kada ki tsayar da shi da kanki. Ki tattara kwalayen guda uku, ku kai Baba sashen gaggawa yau. Marar da ta kumbura ta yi tauri, da fitsarin da ke ɗiga, alama ce fitsari ya taru a mafitsara ya kasa fita. In aka bar shi yana iya taɓa ƙoda. Wannan matsala ba za ta jira Litinin ba.

Na yi shekaru a ɗakin magani na asibiti, bari in fayyace miki abin da nake zargi. A jikin mutum akwai wani sinadari da jijiyoyi ke aika saƙo da shi, ana kiransa asetilkolin. Shi ke sa miyau ya zubo, gumi ya fito, hanji ya motsa, mafitsara ta matsa, ido ya ga rubutun kusa, kuma ƙwaƙwalwa na dogara da shi wajen tuna abu. Masu cutar mantuwa suna da ƙarancinsa, don haka irin ƙwayar da aka fi ba su tana ƙara yawansa ne. Ƙwayoyin mafitsara da yawa kuwa, da maganin mura mai sa barci, toshe masa hanya suke yi. Ke nan likita na tura mota gaba, ke kina taka birki da ƙafa biyu ba ki sani ba. Bushewar baki, hazon ido, rashin bayan gida, zafin jiki ba gumi, gane-gane, duk abin da kika lissafa haka wannan toshewar take bayyana, musamman ga tsoho.

Ki kuma koma ki karanta wasiƙarki. Fitsarin ya fara kuɓuce masa ne sati uku bayan fara maganin mantuwa. Sananne ne cewa irin wannan magani yana iya takura mafitsara. Wataƙila abin da Baba ya ɗauka tsufa ne ya kunyata shi, aikin ƙwaya ne da likita zai iya rage ta ko ya canza. Ban duba shi ba, kuma ciwon sanyin mafitsara ko wata cuta na iya ruɗa tsoho haka. Amma likita ba zai gano ba sai an gaya masa gaskiya duka. In magani ne, sau da yawa ruɗewar tana lafawa cikin kwanaki bayan an daina. Shi ya sa zubar da ƙwayoyin a ɓoye ba mafita ba ce, don za ki bar likita yana lalube a duhu.

Kin yi kuskure, ba zan shafa miki mai a baki ba, kuma ƙwayar safiyar nan ta fi damuna. Mai kemis ma da nasa, don bai kamata ya miƙa wa tsoho wannan magani ba tare da tambaya ba. Sai dai macen da ta yi wata biyu tana wanki a ɓoye don rufa asirin surukinta ba mai ba da guba ba ce. Gajiyar da kika ji ba zunubi ba ce. Yaya Babba ma ki yi masa adalci, ji ya yi uba ya ɗaga wa ɗansa sanda, kuma da rabin labari ya yanke hukunci.

Ki ja maigidanki gefe ki gaya masa, shi kaɗai, ba sai an tara falo ba. Likita kuma riƙon sirri aikinsa ne. Za a iya yi miki faɗa, ki daure, faɗa yana wucewa.

Batun amana, ki tuna abin da Baba ya ba ki ajiya. Mutuncinsa ne, so yake 'ya'yansa su ci gaba da ganin hedimasta. Yau suna kallon mutumin da bai gane ɗansa ba, kuma ke kaɗai kika san abin da zai iya dawo musu da shi. Zanin gado ana wankewa. Ki ɗauki kwalayen nan ki tashi.

Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa ya farfaɗo ya dube ki ta saman tabarau ya kira ki 'yata.