Ɓarawon Gidan Alƙali

Yaya Chunlan,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Mama? Ni lafiya lau nake a Pingyao.

Kin faɗa wa baban Xiuzhen a gidan alƙali nake aiki. Gaskiya ne, sai dai shari'ar wasa ce don baƙi, kuma ni ne ɓarawon da ake zanewa sau uku kullum. Sandar soso ce, galibi.

Tunda sai ya ga aikina zai ba ni 'yarsa, na roƙi alƙalin mu yi musayar riga ranar Lahadin da za ki kawo shi. Ya ce, "Da wannan fuskar, Mancang? Wa zai yarda?"

Don haka ki zagaya ganuwar garin da tsohon har ya gaji. In ya nace, ki nuna masa wanda ake tafa wa. Ba alƙalin ba ne.

Ƙaninki,
Mancang