Wa Ke Biyan Mutum Don Ya Goge Rubutu?

Zuwa ga Zainulabidin, yayyafin farkon damina, sanyin randar da ta kwana a inuwa, ɗanyen ganyen fadamar zuciyata. Sallama da gaisuwa daga wadda ba ta iya ɗaga ido ta dube ka, sai dai takarda ta yi mata baki.

Ka tuna ranar da munka tsaya bakin lambun albasa a Danchadi, bayan sunan ɗan yayata? Wayata na ta nauyi kamar jakin da anka labta wa kaya, ka karɓa ka taɓa nan ka taɓa can, sai ga ta tana gudu. Ka ce aikinka ke nan: kamfanonin waje su turo maka manhaja mai nauyi, kana ɗakinka a Bodinga, ka cire duk rubutun da ke hana ta sauri. Ka ce masu iyawa kaɗan ne, rububinsu ake yi, albashin wata da dala ya fi kuɗin motar albasa. Wallahi ranar ji na yi kamar a littafi nike! Sai da na koma gida na ga ka share mini littattafan soyayya uku, ba ka ko tambaye ni ba.

To, ga abin da ya hana ni cin tuwo. Baba ya aiki Kawu Naziru binciken sana'arka, kamar yadda ake yi wa duk mai neman ɗiyar mutane. Ya dawo ya ce bai ga shago ba, bai ga ofis ba, bai ga gona ba. Ɗaki ya gani a rufe da farantin sola bisa, ya kuma ji muryar mace tana dariya da Turanci a ciki. Inna ta tambaye ni wa ke biyan mutum don ya goge rubutu. Baba ya ce kuɗin da ba a ga guminsu ba, na damfara ne har sai an nuna mishi akasin haka.

Na yi ta kare ka, hasken idona, amma ni ma zuciyata ta fara yi mini raɗa. In albashin gaskiya ne, mi ya sa har yau babur ɗinka da roba yake ɗaure? Wace ce mai dariyar? Kuma tun da ka ce an ƙara maka kuɗi, saƙonninka sun koma "to" da "anjima". Ko ni ce nauyin da ke hana ka sauri yanzu? Haka za ka share ni, ba tambaya?

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci Baba zai ba magabatanka amsa. Don Allah ka riga su zuwa gidanmu a Kajiji. Ka zo da kwamfutar, ka buɗe ta a zaure gaban Baba da Kawu, ka nuna musu aikin da takardar ɗaukarka, ka kira mai dariyar su ji matsayinta. Zan laɓe bayan zana, ni ma ina son in ji.

In gaskiya ka faɗa, ni taka ce har ranar da za a turbuɗe ni ƙasa, ko da babur ɗin robar za ka kai ni. In ba gaskiya ba ce, kar ka zo, rashin zuwan ya ishe ni amsa.

Taka da ke sauraren ƙarar babur,
Nana Fatima