Mama da Bangon Gidan Glenorran

Crieff, watan Oktoba

Zuwa ga Yayana Lachlan,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da begen ganinka, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya a can Dunedin, kai da Elspeth da yara. Allah ya ƙara maka sauƙin ƙafar nan, ya kuma raba ka da taurin kai ka riƙa shan maganinka. Mu nan lafiya, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa. Maigidana Dougal ya gama kwashe dankali, bayansa na ciwo amma bakinsa garau yake, kullum yana cika mana kunne. Inna Chrissie, ƙanwar Mama, tana nan da ƙarfinta.

Na san ka ga hotunan bikin 'yata Rhona, ka kuma ce sun yi kyau. To sun yi, amma ka duba da kyau, ba za ka ga fuskar Mama a ko ɗaya ba. Dalilin da ya sa na zauna rubuta maka ke nan, don ta waya kuka zai hana ni kai ƙarshe.

Rhona ce ta nace sai a Gidan Glenorran, tunda yanzu magada sun watse ana ba da shi haya don biki. Ni da kai mun san Mama ta yi aikatau a can tana yarinya, kafin ta auri Baba, amma ka taɓa jin ta ba da labarin? Ni ma haka. Na tambaye ta ko ba za ta damu ba, ta ce gida ai bango ne da rufi, ko a kan wata za a yi bikin za ta je, ita dai ta ga jikarta cikin rigar amarci kafin ta rufe ido. Ka san ita ta goyi Rhona lokacin da nake aikin asibiti. Mantuwa ta cinye mata abubuwa da yawa a bana, amma wannan ta riƙe shi gam. Kullum da safe sai ta tambaya ko yau ne. Har tsokanar Rhona take yi, wai duk samarin ƙasar nan ta rasa na zaɓa sai Fergus mai kunnuwa kamar hannun tukunya.

Ran bikin da hantsi mota ta tsaya da mu a gaban manyan matakalan dutsen nan. Mama ta leƙa, ta ƙi sauka. Ta ce direban nan ya zautu ne, so yake a kore ta? A zaga da ita ta baya. Dougal ya yi dariya, ya ce haba Effie, yau ai ke ce sarauniya, har kujera aka ware miki a gaba. Ko kallonsa ba ta yi ba. Na ce a ƙyale ta, na kama hannunta muka zaga.

Yaya, ban taɓa shiga wuri irin lungun bayan gidan nan ba. Rufinsa ƙasa-ƙasa, ga sanyi mai shiga ƙashi, ga warin jiƙaƙƙen dutse da tsohuwar toka. Mama, wadda a gidana sai na nuna mata banɗaki, ita ce ta saki hannuna ta wuce gaba ba sanda, har tana gargaɗina da wata matakala mai karyayyen baki tun ba mu kai gare ta ba. Muka iso inda aka jera ƙararrawa a saman bango, irin waɗanda masu gida ke kiran 'yan aiki da su. Matar da ke kula da gidan ta riga ta faɗa mana an yanke wayoyinsu tun zamanin yaƙi. Mama ta tsaya cak, ta ɗaga kai, ta ce shuɗin ɗaki na kira, an makara da ruwan zafi. Ni kunnena bai ji komai ba. Amma wallahi na ga ɗaya tana lilo a hankali, sauran kuwa shiru. Na ce a raina iska ce, har yau kuma haka nake faɗa wa kaina. Na kira ta Mama, ta waiwayo da fuskar tsoro, ta ce in rage murya, a nan sunanta Jane. Wai duk mai shara a gidan Jane ce, don uwargida ba ta da lokacin koyon sunaye.

Da lallashi na hau da ita sama, na zaunar da ita a dogon zauren da amarya za ta ratsa, ƙarƙashin hotunan matattun masu gidan. Ta ɗan dawo hayyacinta, har ta tambaya ko hularta ta zauna daidai. Na ji sanyi a raina. Mai busa algaita ya fara, aka buɗe ƙofa, Rhona ta fito cikin farar riga, hannunta a na babanta Dougal. Kafin in ankara Mama ta miƙe zumbur, ta juya ta fuskanci bango, hancinta kusan yana taɓa shi, ta haɗe hannuwa a gaba. Inna Chrissie ta dafa ni, ta raɗa mini cewa dokar gidan ke nan: idan ɗan gida zai wuce, 'yar aiki ta juya ga bango don kada idonsa ya faɗa kanta.

Rhona ta saki babanta ta zo. Ta ce Kaka ni ce fa, ki juyo ki ga rigata, ba ita kike ta jira ba? Mama ta amsa wa bango da wata 'yar siririyar murya da ban san ta da ita ba, ta ce ranki ya daɗe a yi mata afuwa, ba ta san za a wuce yanzu ba. Na roƙe ta, Inna ta roƙe ta. Mai busa ya yi shiru. Can sai Rhona ta miƙa mini furanninta, ta tattare rigarta, ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da Mama, ita ma ta fuskanci bangon. Na ga Mama ta laluba ta kama yatsunta. Ina kusa, na ji tana raɗa mata cewa ke sabuwa ce ko, kada ki ji tsoro, kada ki motsa, yanzu za su wuce. Haka suka tsaya, baƙi cike da zaure. Daga baya aka ɗaura aure, aka ci aka yi rawa. Mama tana kicin a kan wani benci, ta ƙi zama inda manya suke. Rigar da ta yi ta jira ba ta gan ta ba.

Mun dawo da ita gida, amma Yaya, ba ta dawo ba. Da safe na kan same ta durƙushe a gaban murhu tana neman tokar da za ta kwashe. Ni take kira uwargida. In na shigo ɗaki da kayan fita, sai ta juya ga bango, a cikin gidana, uwar da ta haife ni. Likita ya ce wani lokaci ciwon kan yi irin wannan tsalle, kuma ba kasafai ake komowa ba. An ce ciwon ɗa na uwa ne, ban san na uwa ma haka yake cin ɗa ba. Tsoro nake ji, kuma na gaji da jin sa ni kaɗai.

Ka zo. Kada ka ce sai bazara, ban ga alamar za ta jira ba. In za ka zo kuma, ka bar kwat ɗinka mai kyau a akwati. Ka sa tsofaffin kayan gona, ka shigo ta ƙofar kicin da kwandon itace a hannu, ko Allah zai sa ta ɗaga ido ta dube ka.

Ka gaida Elspeth, da Callum da matarsa, da 'yar autarka Mairi. Dougal da Inna Chrissie suna gaishe ku, amarya da ango ma haka. Allah ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka,
Ishbel