Igiyar Awon Fili

Asabar, 1 ga Maris

An sake cin ƙungiyar ƙwallon 'Yan Masaƙa, biyu da nema. Ban kunna rediyo ba, mai shagon ƙofar gida ne ya faɗa wa wani, na jiyo ta taga. Wasa shida ke nan a jere. Tun da maigidana Malam ya rasu sau ɗaya suka yi nasara, shi ma wai ɗan waccan ƙungiyar ne ya ci gida.

Laraba, 5 ga Maris

Wata biyar yau. Na ɗaga akwatinsa na share ƙarƙashi, na mayar. Ban buɗe ba, na san abin da ke ciki: igiya, guduma, da gwangwanin da ya huhhuda da ƙusa don zuba farar ƙasa. Shekara ashirin da bakwai yana zana layin filin 'Yan Masaƙa. Kowa ya san shi, Mai Igiya suke ce masa. Ba su san ni ce ke riƙe ɗaya bakin igiyar ba, don da sassafe muke zuwa mu gama kafin mai gadi ya farka.

Lahadi, 9 ga Maris

Auta ta zo daga gidanta. Ta sauke tsohon hoton bango tana gogewa, tana tambaya wa da wa. Na nuna mata kakanta, na uku daga hagu. Su ne suka kafa ƙungiyar, ma'aikatan masaƙa, da ƙwallo ɗaya da riguna da aka ɗinka da ragowar yadi. Na ba ta labarin shekarar da suka hau rukunin farko, ina da cikinta, babanta ya dawo murya a shaƙe, takalmi ƙafa ɗaya. Kaka ɗaya suka yi a sama. Aka rufe masaƙa, suka faɗo na biyu, suka faɗo na uku. Yanzu su ne na biyun ƙarshe a na ukun, kuma ƙasa da shi ba sana'a ba ce, wasan unguwa ne.

Ta ce ta ji masu filin sun ce in suka faɗi, tashar manyan motoci za a yi a wurin. Na ce su yi mana, ina ruwana.

Alhamis, 20 ga Maris

Koci ya zo. Tun yana ɗan wasa mai siraran ƙafafu na san shi, yanzu har da furfura. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya daɗe yana juya hula a hannu.

Wai ruwan sama ya wanke layin Malam, suka sake zanawa da kansu, daga jikin katanga suka auna. Jami'in hukumar gasa ya zo da tef ɗinsa na awo ya ce filin a karkace yake, gefe ɗaya ya fi ɗaya kusan yadi biyu. Ya ba su zuwa goma ga Afrilu. In ba a gyara ba, wasan ƙarshe na gida an ba abokan karawa maki, shi ke nan sun faɗi ba tare da sun taɓa ƙwallo ba.

Katangar nan ai tun da aka gina ta a karkace take. Malam bai taɓa yarda da ita ba.

Ya ce, "Mama, ko ya taɓa gaya miki daga ina yake farawa?"

Na ce ni mace ce, me na sani a ƙwallo. Ya sha ruwa ya tafi.

Juma'a, 21 ga Maris

Ƙarya na yi. Allah Ya yafe mini.

Akwai turken ƙarfe da Malam ya binne a kwanar filin da ke wajen famfo, kamu ɗaya cikin ƙasa. Daga nan komai ke farawa. Kuma a nan ya faɗi. Ina can ɗaya gefen na ba shi baya ina ja, sai na ji igiyar ta saki a hannuna. Har na ce, "Malam, ja mana," ban juyo ba. Sau biyu na faɗa.

Ba zan iya taka filin nan ba.

Asabar, 29 ga Maris

Sun ci ɗaya da nema a waje. Mai shago har da rabon alawa. Yanzu in suka ci wasan ƙarshe sun tsira.

Talata, 1 ga Afrilu

Na buɗe akwatin, na ba Auta igiyar ta kai musu. Ƙamshin hannunsa na nan a jiki. Na ce su yi abin da za su yi.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Koci ya dawo da igiyar. Kwana biyar suna fama, sun ƙirga ƙulli-ƙullin da ke jikinta sun rasa kansu. Wai golansu ya ce ko carbi ne Baba Mai Igiya ya yi wa ƙattai. Na yi dariya ban shirya ba, sai dariyar ta koma wani abu. Ya sunkuyar da kai har na gama.

Da zai fita ya ce, "Yara ashirin da biyu ne, Mama. Bakwai suna da iyali." Ya tafi.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na je.

Ciyawa ta mutu a gaban raga biyun, bencin 'yan kallo ya karye a tsakiya. Na nufi famfo kai tsaye don kada in tsaya tunani. Taku huɗu daga bakinsa, na ce su tona. Cebur ya bugi ƙarfe.

Na nuna musu yadda yake yi: ƙulli na uku a wannan gefe, na huɗu a wancan, in tsakaninsu ya ba da biyar cif, kwana ta miƙe. Koci ya riƙe ɗaya bakin. Na ce masa, "Ka ja, kada ka sassauta ko kaɗan, kuma ka riƙa magana ina jin ka." Bai tambayi dalili ba. Ya yi ta ba ni labarin rainin da alƙalan wasa ke musu har muka kai ɗaya kwanar.

Ni na bi layin da gwangwani. Bayana kamar zai tsinke.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Jami'in ya auna sau biyu, ya sa hannu. Wai ya tambaya wane injiniya suka ɗauko.

Asabar, 12 ga Afrilu

Ɗaya da ɗaya. Suna gaba har saura minti huɗu, aka farke da bugun kwana, daga kwanar famfo. Sun faɗi.

A bakin ƙofa na tsaya, ban shiga ba. Golan ya zauna a kan layina yana kuka, farar ƙasa duk a wandonsa. Ban san me ya amfana ba, wahalar nan. Layi dai ya miƙe.

Litinin, 28 ga Afrilu

Tara sun tafi neman wata ƙungiya. Masu filin ba su ce komai ba tukuna. Koci ya aiko Auta ta gaya mini za su shiga gasar unguwa da waɗanda suka rage, ko ba albashi, farkon wata mai zuwa. Na ce Allah Ya taimaka, ni na yi nawa.

Igiyar ta fara cinyewa wajen ƙulli na huɗu, na kama ta da zare. Ban mayar akwati ba, na rataye ta a ƙusar bayan ƙofa, don kada ta yi funfuna ne kawai. Da na je sayen sabulu na tambayi mai shago ko har yanzu ana kawo farar ƙasa. Ya ce buhu nawa. Na ce tambaya dai na yi.

Ya ce zai ajiye biyu. Ban hana shi ba.