Katin Aro

Dogon Marke, bayan Tsiga
Ranar Laraba

Zuwa ga aminiyata Kudirat, Maman Wunmi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Baban Wunmi da yara. Ya kasuwa? Kada ki yi mamakin rubutun nan, ni ce Kulu da hannuna. Shekara biyu ke nan ina zuwa ajin yaƙi da jahilci. In kin ga harafi ya karkace ki yi haƙuri. Da layin waya na nan da na kira ki, to tun da aka katse shi sai takarda. Rabe direba zai kawo miki shago.

Humaira ba ta da lafiya, yau kwana biyar. Zazzaɓi da tari, in ta ja numfashi sai ƙasan haƙarƙarinta ya lotsa. Na kai ta ɗakin shan magani na nan. Likita ranar Talata kawai yake zuwa. Jiya mun zauna tun safe har azahar bai zo ba, aka ce sai wata Talatar. Malam Sada, ma'aikacin lafiya, shi ya duba ta. Ya ce ciwon ya sauka a huhu, maganin sha ba zai isa ba, sai allura. Yana ɗauko kwalbar na janye yarinyata.

Kin tuna shekara uku baya, muna haya gida ɗaya a Malumfashi? Humaira ta kwanta ranar Alhamis, aka ce ba a buɗe sabon kati a asibiti sai Litinin, kika ara mini katin Wunmi. Da aka kira Omowunmi Adekunle ni na amsa. Aka yi mata allura, kafin in gama goya ta leɓenta ya kumbura, idanunta suka rufe, numfashinta ya koma kamar usur. Likita ya zo a guje, Allah ya sa da sauran kwana. Sau uku ya faɗa mini sunan allurar, ya ce kada a sake yi mata ita har abada, ya rubuta a fayil. Lokacin ban san alif ba balle boko. Sunan na Turanci ne, kafin in iso gida ya zube daga kaina.

Malam Sada ya ce, "Maman Humaira, iri biyu gare ni. Wacce ce a ciki?"

Na ce ban sani ba.

Ya ce, "To ina katinta na can?"

Na ce na aro ne, ba nata ba. Ya kuma ce maganin da aka ceto ta da shi wancan karon babu shi a nan. In ta kumbura, sai dai kallo.

Maman Wunmi, don girman Allah ki je asibitin nan ki sa a buɗe fayil ɗin Wunmi, ki rubuto mini sunan. Ran 'yata yana cikin takardar 'yarki.

Ki gaida kowa. Ki huta lafiya.

Taki,
Kulu, Maman Humaira

*

Malumfashi
Alhamis

Ƙawata Kulu,

Wa alaikumus salam. Iye! Yau ga Kulu 'yar boko! Ke da sai in karanta miki takardar makarantar yara kina gyaɗa kai. Na yi murna, sannan na kai tsakiyar wasiƙar murnar ta gudu. Allah ya ba Humaira lafiya, ya tashi kafaɗunta.

Na rufe shago na tafi da ƙarfe takwas. Mai ɗakin kati ya ce fayil ba ya fita sai da mara lafiya, kuma ba mai buɗe shi sai likita. Na ce layi ɗaya kawai zan karanta. Ya ce, "Hajiya, ko harafi ɗaya ne. Aikina kike so in rasa?" Na ce to ba ni lamba in ga likitan. Ya yi dariya ya ce, "Lamba ta ƙare tun kina barci."

Kulu, abin ya fi yadda kika bari. Likita ɗaya ya rage a ɓangaren, lamba arba'in suke bayarwa a yini. Da an idar da sallar asuba mutane ke zuwa su jera takalma da duwatsu a bakin taga, kowa ya tsare nasa. Na ga wata mata daga Bakori da yaro a kafaɗa, kwana biyu tana zuwa tana komawa da shi ba a gan shi ba. Saboda haka kada ki ɗauko Humaira ki taho da ka.

Gobe Juma'a, lamba ashirin ce kawai. Zan hana Wunmi zuwa makaranta in tafi da ita a matsayin mara lafiya. Yarinyar da ke cinye tuwo malmala uku! Tun ɗazu nake koya mata tari, tana yi tana dariya. Na ce in ta yi dariya a gaban likita ni zan ba ta ciwon gaske.

Ki riƙe 'yarki da kyau. Kada ki bari a taɓa ta da allura sai kin ji daga gare ni.

Ki gaida Malam Isah, Baban Humaira.

Kudirat

*

Dogon Marke
Juma'a

Maman Wunmi,

Salama da gaisuwa. Takardarki ta iso, Allah ya saka miki da alheri, ya raya Wunmi.

Jiki ya ƙi. Ta daina karɓar koko, ruwa ma sai da cokali. Malam Sada ya koya mini ƙirga numfashinta da agogon bango. Jiya arba'in da huɗu a minti, yau hamsin da uku. Da ban iya lissafi ba wataƙila da hankalina ya fi kwanciya.

Baban Humaira ya baro karyar masara ya dawo gida. Ya tsaya a kaina ya ce, "Kulu, tsoron allura zai sa ki zuba ido ciwo ya cinye ta? A yi mata ɗaya, sauran na Allah ne." Na ce ba ka ga fuskarta ba ran nan, ni na gani. Ya fita, na jiyo shi a zaure yana fyace hanci.

Na roƙi a sa ta a motar Rabe a kawo ta nan. Malam Sada ya ce da wannan numfashin ba ya jin za ta jure hanya, ga ramuka ga shingayen bincike. Ya ce zai jira ni zuwa la'asar ɗin gobe Asabar. In sunan bai zo ba, shi da ubanta za su zaɓa.

Kudirat, in na hana ta mutu, ni ce. In na bari ta mutu, ni ce. Ki yi sauri.

Ki huta lafiya.

Kulu

*

Malumfashi
Juma'a da yamma

Kulu,

Gaisuwa. Ki zauna kafin ki karanta.

Na samu lamba ta sha bakwai. Likitar wata yarinya ce sabuwa. Wunmi ta yi tarinta, likita ta ɗora abin sauraro a ƙirjinta ta ce, "Mama, wannan ta fi ni lafiya. Me ya kawo ku?" Sai na faɗa mata gaskiya duka.

Ta buɗe fayil tana juya shafuka, fuskarta na canzawa. Ta ce, "Mama, 'yarki a wannan watan kilo goma sha tara ce, wata na gaba ta koma sha uku. A wannan shafin kuma an yi mata kaciya. Yara nawa ne a cikin Omowunmi?"

Kulu, ki yafe mini. Ba ke kaɗai na ara wa katin ba. Duk wadda ɗanta ya kwanta ba ranar Litinin ba a gidan nan, ni take nema. Na ƙirga huɗu, ban da Wunmi. Likitar ta yi mini faɗa har na ji kunyar furfurata. Na ce, "'Yata, da ke ce uwa ta tsaya miki da yaro yana suma, aka ce sai Litinin, me za ki yi?" Sai ta koma kan fayil ɗin.

Ga inda matsalar take. Shafi biyu ne aka yi wa jan biro, aka rubuta kada a sake wannan allura. Allurai biyu daban, duk a shekara ɗaya, ɗaya a watan Agusta ɗaya a Disamba. Ɗaya na Humaira ne. Ɗayan na Buba ne, ɗan Nana Khadija ta ɗakin baya, waɗanda suka koma Funtua. Sa'anni ne, nauyinsu kusan ɗaya. Likitocin da suka rubuta duk sun bar aiki. Na matse kaina har ya yi ciwo, wallahi ban tuna wa ya riga wani ba.

Likitar ta rubuta sunayen biyu da watanninsu a takardar da na naɗe a ciki. Ta ce uwa ce kaɗai za ta sani. Rabe ya yi alkawarin fitowa da sassafe saboda ke.

Ki tuna, Kulu. Ruwa ake yi ko an ɗauke?

Allah ya haska miki.

Kudirat

*

Dogon Marke
Asabar

Maman Wunmi,

Gaisuwa. Ba abin yafewa tsakaninmu, da ba ki ara ba da ba ta kai Litinin ɗin ba.

Na kai wa Malam Sada takardar. Ya ɗauko kwalabensa biyu ya ajiye kusa da ita. Sunayen nan biyu su ne a jikinsu. Ɗaya magani, ɗaya ajali, ya ce in nuna.

A lokacin ban san Agusta ko Disamba ba, ni dai na san damina da kaka. Baban Humaira ya ce Agusta ne, ya tuna ya zo asibiti a jiƙe. Ni ma kuwa na tuna shi a jiƙe. Na zauna a bakin gadon na rufe ido. Can na gane wannan zuwan na ranar da na yi ɓari ne, ba na Humaira ba. Lokacin ciwon Humaira ba ya gari, yana nan ƙauye wajen cirar auduga. Sai rana ta uku ya iso, da ɓurɓushin auduga a hularsa. Ta miƙa hannu tana tsince masa, leɓenta bai gama saɓewa ba. Ba a cirar auduga a tsakiyar damina.

Na ce Disamba. Ya ce, "Kin tabbata?" Na ce ban tabbata ba, amma abin da na gani ke nan. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce wa Malam Sada, "Bi maganar uwarta."

Rabe yana ta danna hon. Malam Sada yana wanke hannu. Ki yi mana addu'a.

Kulu

*

Dogon Marke
Lahadi

Maman Wunmi,

Salama. Leɓenta bai kumbura ba. Na zauna ina kallonsa tun la'asar har aka yi mata ta biyu. Yau numfashi talatin da takwas, ta sha koko ludayi biyu, ta ce ba sukari.

Na rubuta sunan allurar Disamba, wadda aka hana ta, a bangon ɗaki, da cikin murfin akwati, da ƙyallen da na ɗinke a wuyan rigarta.

Ga wata ƙaramar takarda a ciki. Sunan allurar Agusta ne, na kwafe shi harafi harafi, Malam Sada ya duba ya ce daidai. Ki ba mai zuwa Funtua ya nemo Nana Khadija duk inda take. Ita ma ba ta iya rubutu ba ranar da aka faɗa mata.

Ki gaida Wunmi da tarinta.

Taki,
Kulu