Takardun da ke jakar Habibu

Laraba, 12 ga Maris

Yau na tsinci takardu a jakar ɗana Habibu, duk tarihin ƙawancen jam'iyyun 'yan ƙwadago na duniya, yadda yaƙi ya raba su, suka sake haɗuwa. Ya ce, "Umma, aikin jami'a ne, khalas, shi ke nan." Na ce, "To me ya kai ka unguwar Al Quoz wajen leburori ranar Asabar?" Ya sunkuyar da kai.

Baƙo ba ya siyasa a ƙasar nan. Bizar babansa ce ke riƙe da mu duka, amma yaran yanzu ba sa tunani. Na ce gobe zan bi shi in ji daga bakin malaminsa. Nan take ya amince. Saurin amincewar nan ne ya hana ni barci.