Allurar Baba a Jikin Mato

Yaya Uwaisu,

Na kai Mato asibitin Gwarzo a kan jaki, ban tsaya tashinka ba.

Allurar sanyin ƙashin da likita ya rubuta wa Baba, ashe bai taɓa zuwa ba. Wakilinsa Mato yake aikawa, wai dagaci ba ya kwance wando a gaban disfensa. Sau uku ana yi wa Mato da sunan Baba. Ta jiya jikin Mato ya ƙi ta: fuska ta kumbura, idanu sun rufe, numfashi da ƙyar. Baba kuwa ya ce gwiwarsa ta yi sauƙi, maganin Turawa gaskiya ne.

Saura allura biyu. Ɗazu ya tambaye ni ko kana jin tsoron allura. In ya aike ka ranar Alhamis, kada ka je.

Abdulƙadir